Shin duk jirgin da ke kai masu yawon buɗe ido Antaktika da Aktik ne mai fasa ƙanƙara?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na daɗe ina bibiyar tallace-tallacen kamfanonin da ke kai masu yawon buɗe ido ƙarshen duniya na kudu da na arewa, wato Antaktika da yankin Aktik, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kusan kowane kamfani yana nuna hoton jirginsa a tsakiyar farar ƙanƙara, yana kuma yi masa kirarin da zai sa mai karatu ya ɗauka jirgi ne mai fasa ƙanƙara. Amma da na duba hanyoyin da suke bi sai na ga mafi yawansu gefe-gefe suke ratsawa, ƙalilan ne suke cewa za su kai mutum har Cibiyar Arewa, inda ake kira digiri 90. Kuɗin ma ba ɗaya ba ne, domin tafiyar Cibiyar Arewa takan ninka sauran sau biyu ko fiye.

Ina roƙon masu sani su warware mini bambancin da ke tsakanin waɗannan jiragen. Ina kuma son in fahimci yadda jirgi yake fasa ƙanƙarar da kaurinta ya fi tsawon mutum, domin ni a tunanina da kaifin goshinsa yake sare ta kamar yadda gatari yake faskara itace. Sannan wanda burinsa kawai ya ga tsuntsayen fengwin da manyan duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku, shin dole ne sai ya nemi irin jirgin nan mai tsada?

Tsohon Injiniyan Jirgi:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi aiki a jirgin ruwa yakan yi murmushi idan ya ga irin waɗannan tallace-tallacen. Mafi yawan jiragen da ke wannan sana'a an ƙarfafa jikinsu ne domin su jure gogayya da ƙanƙara, ba a ƙera su domin su buɗe wa kansu hanya a cikinta ba. Jirgin da aka ƙarfafa yana iya ture gutsattsarin ƙanƙara masu yawo, yana kuma iya kutsawa cikin sabuwar ƙanƙara marar kauri, amma idan ya tarar da teku ya daskare ya zama fili guda, sai ya juya ya nemi wata hanya.

Maganar gatari kuwa, ba haka abin yake ba. Ƙanƙarar teku tana da ƙarfin gaske idan aka matse ta daga gefe, amma ba ta jure lanƙwasa, kuma a kan wannan raunin nata aka gina dukkan dabarar. Goshin jirgi mai fasa ƙanƙara ba shi da kaifi, a kwance yake kamar bayan cokali, ta yadda idan injin ya ingiza jirgin sai goshin ya hau kan ƙanƙarar, nauyin jirgin ya danna ta ƙasa har ta tsage, gutsattsarin kuma su zame ta gefe da ta ƙarƙashi. Jirgin Rasha mai suna 50 Let Pobedy, alal misali, nauyinsa ya haura tan 25,000, injinansa kuma suna ba da ƙarfin doki 75,000, shi ya sa yake iya ci gaba da tafiya a kan ƙanƙarar da kaurinta ya wuce mita 2 ba tare da ya tsaya ba. Inda iska ta haɗa ƙanƙara karo har ta taru ta yi tudu, a nan jirgin yakan ja da baya ya sake tahowa da gudu, wani lokaci sau da dama, kafin tudun ya ba da hanya. Idan kuma ƙanƙarar ta riƙe shi ta gefe, akwai jiragen da ke da tankuna a dama da hagu, ana tura ruwa daga wannan zuwa wancan da sauri domin jirgin ya yi ta tangaɗi har ya kuɓuce, wasu kuma suna hura iska ta ƙananan ramuka a ƙasan jirgin domin kumfar ta rage gogayya. Abin da ya fi tayar wa injiniya hankali ba goshin ba ne, farfela ce da abin juya jirgi da ke baya, domin su ne suke cin karo da manyan gutsattsarin da suka biyo ta ƙarƙashi.

Ita kanta ƙanƙarar ba iri ɗaya ba ce. Ruwan teku yana daskarewa a kusan digiri 1.8 ƙasa da sifiri, kuma ƙanƙarar da ta samu a hunturun bana tana ɗauke da ruwan gishiri a cikinta, don haka tana da ɗan taushi. Wadda ta tsallake lokacin narkewa ta shekara biyu ko fiye kuwa, gishirinta ya riga ya tsiyaye, ta yi tauri kamar kankare. Duwatsun ƙanƙarar nan da kake son gani daban suke gaba ɗaya, daga kan tudu suka ɓalle suka faɗo teku, kuma babu jirgin da ke fasa su, kowa kewaye su yake yi.

Saboda wannan bambancin ne hukumomin da ke tantance ingancin jiragen ruwa suka kasa jiragen yankunan ƙanƙara mataki bakwai, daga PC1 zuwa PC7. PC1 shi ne wanda zai iya aiki duk shekara a kowane irin ruwa na waɗannan yankuna, PC2 zai iya shiga tsohuwar ƙanƙara mai matsakaicin ƙarfi duk shekara, PC6 da PC7 kuwa na lokacin zafi ne da kaka, a cikin ƙanƙarar shekara guda. Sababbin jiragen yawon buɗe ido da yawa, irin su Roald Amundsen da Greg Mortimer da suka fara aiki a 2019, a matakin PC6 suke. National Geographic Endurance yana PC5, ya ɗan fi su. Jirgin fasinja da aka ƙera musamman domin yawon shaƙatawa kuma ya kai PC2 shi ne Le Commandant Charcot na kamfanin Ponant na Faransa. Saboda haka idan ka ga talla, ka bar hoton ka nemi wannan lambar.

Hajiya Mai Tafiye-tafiye:

Malam Injiniya ya yi bayanin da ni ban isa in yi ba, ni dai zan amsa tambayarka ta ƙarshe ne daga abin da na gani da idona. Na je Antaktika sau ɗaya a jirgin PC6, kuma amsar ita ce ba ka bukatar mai fasa ƙanƙara. Yawancin tafiye-tafiyen daga garin Ushuaia na Ajantina suke tashi, tsakanin Nuwamba da Maris, a yi kwana biyu ana tsallake mashigin Drake, sannan a isa tsibiran Shetland ta Kudu da zirin ƙasar nan da ya miƙo daga Antaktika ya nufi Amurka ta Kudu. A yammacin zirin, a wannan lokaci na shekara, ruwan a buɗe yake mafi yawan lokaci, kuma a nan ne fengwin suke ƙyanƙyasa, a nan ne kifayen wel suke kiwo. Ganin da za ka yi ma ba daga kan babban jirgin ba ne, a ƙananan kwale-kwalen roba masu inji ake sauke ku, mutum goma ko sha biyu a kowane, su ne suke kai ku gaɓa.

Don haka abin da na ga ya fi lambar PC muhimmanci ga mai irin burinka shi ne yawan fasinjoji. Ƙungiyar kamfanonin da ke wannan harka, IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana da ƙa'idar cewa ba a sauke fiye da mutum 100 a gaɓa a lokaci guda, kowane mutum 20 kuma da ɗan jagora ɗaya, sannan jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa sam, sai dai a yi kallo daga bene. A jirginmu mun ɗan haura 100, duk da haka sai da aka riƙa raba mu rukuni-rukuni, wasu suna gaɓa wasu suna zagaye a kwale-kwale. Wanda ya hau jirgi mai mutum 400 zai ɓata rabin ranarsa yana jiran layi, komai ƙarfin jikin jirgin.

Akwai kuma wani abu da wani jami'in jirginmu ya faɗa mana muna tsakiyar Drake, lokacin da rabin fasinjoji ke kwance da jiri da amai, ni ma ina cikinsu. Ya ce mu gode wa Allah da ba tsohon jirgi mai fasa ƙanƙara muka hau ba, domin irinsu ƙasansu a mulmule yake, ba a sa musu fikafikan nan na gefe masu rage tangaɗi saboda ƙanƙara za ta karya su, don haka a buɗaɗɗen teku sun fi kowane jirgi jijjiga mutane. Malam Injiniya zai iya gyara mini idan ban riƙe daidai ba.

Mai Bibiyar Tarihi:

Hajiya, abin da kika faɗa daidai ne ga wanda ya tsaya a yammacin zirin, amma ina jin tsoron kada mai tambaya ya ɗauka jirgi mai fasa ƙanƙara alfahari ne kawai na masu kuɗi. Akwai wuraren da in ba shi ba, da wuya a kai ka. Fengwin ɗin da Hajiya ta gani ƙanana ne, babban cikinsu da ake yi wa laƙabi da sarki a kan daskararren teku yake ƙyanƙyasa, kuma mazauninsa da masu yawon buɗe ido suka fi nema yana kusa da tsibirin Snow Hill a tekun Weddell. Wannan tekun ne ƙanƙararsa ta matse jirgin mai binciken nan Ernest Shackleton mai suna Endurance har ya nutse a 1915, kuma sai a Maris na 2022 aka gano gangar jikinsa a zurfin mita 3,008. Ko jirgi mai ƙarfi ya kusanci wurin, sau da yawa sai an ƙarasa da jirgi mai saukar ungulu. Haka nan gabashin Girinlan a farkon bazara, sai kuma uwa uba Cibiyar Arewa.

Tarihin abin ma yana da daɗin bi. Jirgi mai fasa ƙanƙara na farko da aka ƙera domin ƙanƙarar Aktik shi ne Yermak, wanda Admiral Stepan Makarov na Rasha ya tsaya a kan aikinsa, aka ƙera shi a Newcastle ta Ingila aka tura shi ruwa a 1898. A 1959 Tarayyar Sobiyat ta fara amfani da Lenin, na farko mai aiki da nukiliya, wanda a yau gidan tarihi ne a tashar Murmansk. A ranar 17 ga Agusta 1977 jirgin Arktika ya zama jirgi na farko da ya isa Cibiyar Arewa ta saman teku, ba ta ƙarƙashin ruwa ba. Duk waɗannan ba don yawon buɗe ido aka yi su ba, aikinsu buɗe wa jiragen kaya hanya a gaɓar Saiberiya. Sai da Tarayyar Sobiyat ta zo gab da rushewa, kuɗin ƙetare ya yi wuya, sannan aka fara sayar da ɗakunan ma'aikata ga baƙi a lokacin zafi da aikin rakiya yake raguwa, inda jirgin Rossiya ya fara kai masu yawon buɗe ido Cibiyar a 1990. Daga baya Yamal, mai zanen haƙoran kifin shak a goshinsa, ya karɓi aikin, sannan 50 Let Pobedy, wanda aka fara ƙera shi a 1989 amma bai fara aiki ba sai 2007 saboda kuɗi ya yanke a tsakani. Yakan tashi daga Murmansk da fasinjojin da ba su kai 130 ba, ya je ya dawo cikin kusan mako biyu, yana biyawa ta tsibiran Franz Josef. A kudu kuwa Kapitan Khlebnikov, wanda aka ƙera a Finlan a 1981 kuma da dizal yake aiki, shi ne ya fara zagaye Antaktika baki ɗaya da fasinjoji a kakar 1996 zuwa 1997.

Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 kamfanonin ƙasashen Yamma suka daina hayar jiragen Rasha, don haka wanda zai sayi tikiti daga gare su zaɓinsa ya koma Le Commandant Charcot. An ƙera gangar jikinsa a Romaniya aka kammala shi a Norwe, tsawonsa mita 150, ɗakunansa 123, yana ƙona iskar gas da aka mayar ruwa tare da taimakon manyan batura, kuma ya isa Cibiyar Arewa a karon farko a ranar 6 ga Satumba 2021. Sunan Jean-Baptiste Charcot aka sa masa, mai binciken nan na Faransa da ya rasu a 1936 lokacin da jirginsa ya tarwatse a gaɓar Aislan. A ra'ayina tafiyar biyu ba ɗaya ba ce ko da wuri ɗaya ake zuwa. Na Rasha jirgin aiki ne da aka ba baƙi masauki a cikinsa, yana da ƙarfin da zai bi hanya kusan a miƙe. Na Faransa kuwa otal ne da aka ba shi jikin mai fasa ƙanƙara, ƙarfinsa bai kai na wancan ba, don haka matuƙansa sun fi dogara da hotunan tauraron ɗan'adam su nemi inda ƙanƙarar ta tsage su bi. Kujera a kowannensu daga dala 30,000 zuwa sama take.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yanzu na gane cewa don fengwin da duwatsun ƙanƙara ƙaramin jirgi mai PC6 ya wadatar da ni. Sai dai maganar Malam Injiniya ta bar mini wata damuwa: idan jirgin nan an ƙarfafa shi ne kawai, me zai faru idan ya shiga ƙanƙarar da ta fi ƙarfinsa, ko iska ta juya ta rufe masa hanyar da ya shigo? An taɓa samun haka?

Tsohon Injiniyan Jirgi:

An taɓa samu, Malam, kuma misalai biyu sun isa. Amma kafin nan, Hajiya ta riƙe daidai game da tangaɗi. Sababbin jiragen suna da fikafikai masu shigewa cikin jiki idan an zo ƙanƙara, tsofaffin na Sobiyat kuwa babu, kuma duk wanda ya hau su ya shaida.

Misali na farko shi ne jirgin Explorer, wanda aka ƙera a 1969 da sunan Lindblad Explorer, kuma shi ne uban wannan sana'a, domin shi ne jirgin fasinja na farko da ya ratsa mashigin arewa maso yamma na Kanada a 1984. A ranar 23 ga Nuwamba 2007 ya nutse a mashigin Bransfield kusa da tsibiran Shetland ta Kudu bayan ƙanƙara ta huda shi. Mutum 154 da ke ciki duk sun tsira, bayan sun yi awoyi a buɗaɗɗun kwale-kwalen ceto kafin jirgin Nordnorge na Norwe ya kwashe su, kuma sun ci sa'a teku yana kwance a ranar. Binciken da ƙasar Laberiya ta gudanar, kasancewar tutarta jirgin yake ɗauke da ita, ya nuna cewa kyaftin ɗin, wanda ya saba da ƙanƙarar tekun Baltik, ya ɗauka ƙanƙarar shekara guda ce a gabansa alhali akwai mai tauri a cikinta, ya shige ta da gudu. Jirgin da ya shekara kusan arba'in yana wannan hanya, rashin karanta ƙanƙara daidai a dare ɗaya ya kai shi ƙasa.

Na biyu ya fi kusa da abin da ka tambaya. A Disamba 2013 iska ta tura ƙanƙara ta rufe jirgin Akademik Shokalskiy a gabashin Antaktika. Jirgin Sin mai suna Xue Long ya zo ceto ya kasa isa, daga baya shi ma ya maƙale, Aurora Australis na Ostireliya ma ya gwada ya ja da baya. A ƙarshe jirgi mai saukar ungulu na Xue Long ne ya kwashe fasinjoji 52 a ranar 2 ga Janairu 2014 ya kai su wajen jirgin Ostireliya, jiragen biyu da suka maƙale kuma ba su fita ba sai da iska ta sake juyawa bayan wasu kwanaki. Ka ga ke nan ko masu fasa ƙanƙarar suna da iyaka.

Irin waɗannan abubuwan suna cikin dalilan da suka sa Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ta fito da dokar jiragen yankunan ƙanƙara da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2017. A ƙarƙashinta dole jirgi ya riƙe takardar shaida da ke bayyana irin ƙanƙarar da aka yarda ya shiga da sanyin da kayansa za su jure, dole manyan jami'ansa su samu horo na musamman, kuma dole kayan ceto su isa a rayu da su aƙalla kwana biyar, saboda a can taimako ba ya zuwa da wuri. Tun 2011 aka hana ɗaukar baƙin man jirgi mai kauri a ruwan Antaktika, a Aktik kuma hanin ya fara a Yuli 2024, ko da yake an ɗaga wa wasu jirage ƙafa zuwa 2029. Akwai kuma wata dabara da Charcot yake amfani da ita da za ta ba ka sha'awa: farfelolinsa biyu suna rataye ne a cikin wasu ƙoƙuna masu juyawa ta kowace fuska, don haka idan ya tarar da tudun ƙanƙara yakan juya ya shige shi da baya, farfela tana niƙa ƙanƙarar tana wanke ta daga jikin jirgin, kuma yana da ɗakin tuƙi na biyu a baya domin wannan aiki.

Hajiya Mai Tafiye-tafiye:

Tun da ka yanke shawara, ɗan'uwa, ka karanta takardar yarjejeniya da kyau kafin ka biya. A tawa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa hanyar da aka zana a taswira niyya ce ba alkawari ba, kyaftin da shugaban tawaga suna da ikon canza ta a kowane lokaci, kuma haka aka yi. Mun nufi wani siririn mashigi da kowa ya ƙosa ya gani, da asuba aka tarar ƙanƙara ta toshe bakinsa, jirgin ya juya, ba a mayar wa kowa ko sisi ba. Kamfanin kuma bai bar ni na hau ba sai da na nuna takardar likita da inshorar da za ta biya kuɗin kwaso ni da jirgin sama idan na yi rashin lafiya, domin likita ɗaya ne a jirgin, asibiti mafi kusa kuma yana can bayan Drake. Idan ka fi karkata ga arewa, ka lura cewa daga Janairu 2025 Norwe ta taƙaita jiragen da ke shiga wuraren da aka keɓe a tsibiran Svalbard zuwa masu fasinja 200, ta kuma ƙayyade wuraren sauka, don haka can ma ƙaramin jirgi za ka nema, kuma lokacinsa daga Yuni ne zuwa farkon Satumba.